Mugu Yana Ganin Sakayya Tun a Duniya? Abin da Littafi Mai Tsarki Ya Faɗa da Abin da Ya Hana a Faɗa

A surar farko ta Littafin Mahukunta akwai wani sarki mai suna Adoni-bezek. Mutanen Yahuza suka ci shi da yaƙi, ya ranta a na kare, suka bi shi suka kamo shi, suka datse masa manyan yatsun hannu da na ƙafa. Bai ce an zalunce shi ba. Cewa ya yi sarakuna 70 ya yi wa irin wannan kaciya, suna tsintar ɓarɓashin abinci a ƙarƙashin teburinsa, yau kuwa Allah ya biya shi daidai da abin da ya aikata. Labarin bai wuce ayoyi uku ba, amma duk wanda ya taɓa ɗaga hannu ya ce "Allah ya isa" ya san sanyin da yake sa wa zuciya. Mu ma a nan mukan ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Irin wannan labari ya cika Littafi Mai Tsarki na Kirista: ruwan tufana, Saduma da Gwamrata, annobai 10 a kan Fir'auna, ƙasar da ta tsage ta haɗiye Datan da Abiram, Haman da aka rataye a kan gungumen da ya kafa wa Mordekai. Karin Magana 11:31 ta faɗi ƙa'idar ba kwana-kwana: in adali yana karɓar sakamakonsa tun a duniya, ina ga mugu da mai zunubi? Faston da ya ga dama ya tsaya a nan yana da ayoyin da za su ishe shi wa'azin shekara guda. Sai dai littafin kansa bai tsaya a nan ba. A cikinsa akwai waɗanda suka yi jayayya da ƙa'idar ido da ido, kuma maimakon a goge maganarsu, sai aka mai da ita nassi.

Da farko a gane dalilin da ya sa Tsohon Alkawari ya dage a kan sakayyar duniya. Mafi yawan littattafansa ba sa maganar aljanna da wuta yadda Kirista da Musulmi suka san su yau. Wanda ya mutu, nagari ko mugu, yakan gangara wani wuri mai duhu da shiru. Sai can a Daniyel 12:2 ake jin magana ƙarara cewa matattu za su farka, waɗansu zuwa rai madawwami, waɗansu zuwa kunya. To in kabari ba ya rarrabe mutane, dole lissafi ya cika a nan, a gona da rumbu da fagen yaƙi. Shi ya sa sura ta 28 ta Maimaitawar Shari'a ta zo da ayoyi 14 na albarka da 54 na la'ana. Sama za ta zama tagulla, ƙasa ta zama ƙarfe. Ka kai iri mai yawa gona, ka girbe kaɗan, don fara ta cinye. Ka gina gida, wani ya zauna a ciki. Abin da masu karanta surar a kan mimbari sukan tsallake shi ne cewa da al'umma guda ake magana, wadda ta ƙulla alkawari da Allah, kuma hukuncin na ƙasa ne baki ɗaya. Surar ba ta ce duk manomin da fara ta sauka a gonarsa yana da wani laifi a ɓoye ba.

Labarin Ahab, sarkin Isra'ila, ya fi kowanne nuna yadda abin yake tafiya. Sarkin ya yi kwaɗayin gonar inabin Nabot, Nabot ya ce gadon kakanninsa ne, ba ya sayarwa. Ahab ya koma gida ya kwanta ya juya wa bango fuska, ya ƙi cin abinci. Matarsa Yezebel ta rubuta wasiƙu da sunansa, aka samo shaidun zur biyu, aka jefe Nabot. Annabi Iliya ya tarar da sarki a cikin gonar, ya ce masa karnuka za su lashe jininsa yadda suka lashe na Nabot. Ahab ya yage tufafinsa ya yi azumi, sai Allah ya ce saboda wannan ƙanƙan da kai ba zai kawo masifar gidan a zamaninsa ba, sai a zamanin ɗansa. Bayan wani lokaci Ahab ya fita yaƙi a Ramot-gileyad, ya ɓad da kama don kada a gane shi. Wani soja ya ja baka ya harba kibiya haka nan kawai, ba da nufin kowa ba, ta shige ta mahaɗin sulken sarki. Aka tallafe shi a tsaye cikin karusa har yamma, jini na zuba a gindinta. Da aka je wanke karusar a tafkin Samariya, karnuka suka lashe jinin.

Wanda ya tsaya a bakin tafkin ranar, abin da zai gani shi ne sarki ya mutu a yaƙi, kamar yadda sarakuna suke mutuwa. Abin da ya mai da kibiyar hukunci shi ne maganar annabi da ta riga ta. Kusan duk inda littafin ya kira wata masifa hukunci, akwai laifi da aka ambata da sunansa, akwai gargaɗi da ya gabata, sau da yawa kuma akwai ƙofar tuba da za ta iya jinkirta abin ko ta soke shi, kamar yadda aka yi wa Nineba har annabi Yunana ya yi fushi.

Inda ƙa'idar ta fara tangal-tangal shi ne a kan kaka da jika. Manassa, sarkin Yahuza, shi ne mafi muni a idon marubucin Littafin Sarakuna: ya ƙone ɗansa hadaya, ya kafa gunki a Haikali, ya zubar da jinin marasa laifi har ya cika Urushalima daga wannan gefe zuwa wancan. Ya yi shekara 55 a kan gadon sarauta, fiye da kowane sarki na gidan Dawuda, ya mutu a gida aka binne shi a lambun fadarsa. Jikansa Yosiya kuwa, wanda aka ce ba a taɓa yin sarkin da ya juyo ga Allah kamarsa ba, ya hau sarauta yana ɗan shekara 8, ya yi shekara 31, sannan Fir'auna Neko ya kashe shi a Magiddo a shekara ta 609 kafin haihuwar Almasihu, bai kai 40 ba. Masanin tarihi zai ce ba wani abin mamaki: rubuce-rubucen Assuriya sun lissafa Manassa cikin masu kai gaisuwa, ya yi biyayya ya zauna lafiya, Yosiya kuwa ya tare wa babbar runduna hanya. Mai bin ƙa'idar sakayya ba ya iya tsayawa a wannan amsa. Littafin Sarakuna ya ce fushin da Manassa ya tsokano ne ya faɗa wa Urushalima a 586 kafin haihuwar Almasihu, lokacin da Babila ta rushe birnin ta kwashe mutanensa, wato a kan jikokin jikoki. Littafin Tarihi, wanda aka rubuta bayan an komo daga Babila, ya kawo bayanan da babu su a Sarakuna: ya ce Assuriyawa sun kama Manassa da ƙugiya, suka kai shi Babila a ɗaure, ya tuba, aka maido shi, ya kuma ce Yosiya ya ƙi jin maganar da Allah ya sa a bakin Neko. Masu binciken nassi sun daɗe suna muhawara a kan ko tsohon labari marubucin ya samo. Ko ma yaya ne, ana iya ganin abin da ya dame shi: tsawon ran mugu da gajartar ran adali suna neman bayani.

Waɗanda aka kwashe zuwa Babila ba su gamsu da cewa laifin kaka suke biya ba. Suka riƙa yin wata karin magana mai ɗaci: iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya ne suka mutu. Ezekiyel, a sura ta 18, ya ce a daina faɗar ta, wanda ya yi zunubi shi zai mutu. Wannan ya warware wani ƙulli, ya ɗaure wani. In kowa alhakin kansa yake ɗauka, to mai shan wahala fa, me ya yi?

Nan littafin Ayuba ya shigo. Abokansa uku ba jahilai ba ne, Karin Magana suke karanto masa. Elifaz ya ce, ka tuna, wane marar laifi ne ya taɓa hallaka? Wanda ya huɗa mugunta ita yake girba. Da Ayuba ya ƙi amsa laifin da bai yi ba, sai Elifaz ya ƙirƙiro masa: ai ka hana mayunwaci abinci, ka kori gwauraye hannu wofi. Ba shi da shaida ko ɗaya. Gyambon da ya gani a jikin abokinsa ne shaidarsa. Ayuba ya mayar masa a sura ta 21: ku tambayi matafiya mana. Mugaye suna tsufa, shanunsu suna haihuwa, 'ya'yansu suna rawa da kiɗa, su ƙare kwanakinsu cikin wadata su gangara kabari salin-alin. Kuna cewa Allah yana ajiye wa 'ya'yansu hukunci? To ya ba su da kansu su ɗanɗana. A ƙarshen littafin Allah ya ce ya husata da Elifaz da abokansa biyu, don ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar bawansa Ayuba. A ganina wannan aya ta 42:7 ta fi kowace nauyi a duk wannan batu. Masu kare adalcin Allah da ƙa'idar sakayya su ne aka ce sun yi masa ƙarya, har sai da wanda suka tuhuma ya yi musu addu'a.

Ba Ayuba kaɗai ba ne. Asaf a Zabura 73 ya ce saura ƙiris ƙafarsa ta zame da ya ga mugaye sun yi ɓul-ɓul. Irmiya ya tambayi Allah dalilin da hanyar mugaye take albarka. Habakuk ya yi kuka a kan zaluncin Yahuza, aka ce masa Kaldiyawa, wato mutanen Babila, na zuwa su hukunta su, ya ce to ai waɗannan sun fi su mugunta, yaya za a hukunta ɓarawo da ɗan fashi?

Da Yesu ya zo, an kawo masa tambayar da labarin da ke bakin kowa a lokacin. A Luka 13 aka ba shi labarin wasu Galilawa da Bilatus, gwamnan Romawa, ya kashe suna cikin miƙa hadaya. Ya ce, kuna tsammani sun fi sauran Galilawa zunubi? A'a. Sannan shi da kansa ya ƙara misali: mutum 18 ɗin nan da hasumiyar Siluwam ta faɗo ta kashe, sun fi sauran mazauna Urushalima laifi? A'a, amma in ba ku tuba ba, duk za ku hallaka. Bai ce Allah ba ya hukunci ba. Ya ƙwace yatsan da suke nuna matattu da shi, ya juya shi ya nuna su. A Yahaya 9 almajiransa suka ga wanda aka haifa makaho, suka ce wa ya yi zunubi, shi ko iyayensa? Ya ce ba ko ɗaya. A wani wurin ya ce Allah yana fito da ranarsa a kan mugaye da nagari, ya kuma ba da misalin alkama da ciyawa da aka ce a bar su su girma tare har kaka, kada a tuge alkama garin cire ciyawa. Ga Kirista akwai abin da ya fi waɗannan duka. A imaninsu, wanda ya fi kowa adalci shi ne ya mutu a kan gungume, irin mutuwar da Attaura ta kira la'ananniya, masu wucewa suna kaɗa kai suna cewa in Allah yana son sa ya cece shi. Addinin da ya ginu a kan wannan ba shi da bakin cewa mummunar mutuwa shaidar mugun hali ce.

Duk da haka kuskure ne a ce Sabon Alkawari ya soke hukuncin duniya, ko da yake wasu masu son sassauci suna faɗar haka. Hirudus Agaribas ya sare Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi. Daga baya ya yi jawabi a Kaisariya, jama'a suka ɗauki ihu suna cewa muryar allah ce, ba ta mutum ba. Ayyukan Manzanni 12 ta ce nan take mala'ika ya buge shi, tsutsotsi suka cinye shi. Yosifus, marubucin tarihi Bayahude wanda ba Kirista ba, ya ba da labarin ranar: sarkin ya sa riga ta azurfa zalla, hasken safiya ya buge ta tana walƙiya, 'yan fadanci suka kira shi allah, ciwon ciki ya turnuƙe shi, ya mutu bayan kwana biyar. A shekara ta 44 bayan haihuwar Almasihu ke nan. Luka, marubucin Ayyukan Manzanni, bai ce jinin Yakubu ne ya kama shi ba, ya ce don bai ba Allah girma ba ne. Kakansa Hirudus Babba kuwa, wanda Matiyu ya ce ya karkashe jariran Baitalami, abin da aka rubuta a kan ƙarshensa bai wuce "da Hirudus ya mutu" ba. Bilatus ma ba a faɗi makomarsa ba sam. Daga baya ne wasu suka ce ya kashe kansa, Cocin Habasha kuma ta ce ya tuba, har tana lissafa shi cikin tsarkaka.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne su wa hukuncin gaggawa ya fi faɗa wa a Sabon Alkawari. Hananiya da Safiratu 'yan ikkilisiya ne, suka sayar da fili suka ɓoye wani abu daga kuɗin, suka yi ƙarya, suka faɗi matattu, tsakaninsu kamar awa uku. Mutanen Koranti da Bulus ya ce wasunsu suna ciwo wasu sun mutu saboda wulaƙanta jibin Ubangiji, masu bi ne. Bitrus ya ce shari'a daga gidan Allah take farawa. Game da na waje kuwa, Bulus ya kawo wani irin hukunci a Romawa 1 wanda ba ya kama da hukunci ko kaɗan: sau uku ya ce Allah ya sallama su ga son zuciyarsu. Wato a sakar wa mutum mara ya yi ta yi, abin da malaman Musulunci a nan suke kira talala. In haka ne, wadatar azzalumi tana iya zama ita ce hukuncinsa, kuma mai kallo daga waje ba shi da hanyar sani. Luka ya yi wa masu karatun alamu dariya a Ayyukan Manzanni 28. Jirgi ya farfashe, Bulus ya fita a tsibirin Malita, yana zuba kirare a wuta sai maciji ya ɗafe masa hannu. Mutanen wurin suka ce lalle mai kisan kai ne, ya tsira daga teku amma alhaki bai bar shi ba. Suka zuba ido su ga ya kumbura. Da suka ga shiru, suka ce ashe allah ne.

Kiristocin baya ba su cika jin wannan gargaɗi ba. Bayan an daina tsananta musu a daular Rum, wani malami ɗan Arewacin Afirka mai suna Laktantiyus ya rubuta littafi sukutum a kan munanan mutuwar sarakunan da suka tsananta wa ikkilisiya, ya daɗe yana kwatanta yadda Galeriyus ya ruɓe da ransa kafin ya mutu a 311. Amma ya tsallake Tarajan da Markus Aureliyus, waɗanda aka kashe Kiristoci a zamaninsu kuma ba su yi irin wannan ƙarshe ba. Da Alarik, sarkin ƙabilar Got, ya washe birnin Rum a 410, sai reshe ya juye da mujiya: masu bautar gumaka suka ce alloli ne suka yi fushi don an bar su. Agustin, bishop na Hippo a Aljeriya ta yau, ya ba da amsar da har yanzu ba a samu wadda ta fi ta ba. Ya ce da Allah yana hukunta kowane zunubi a fili yanzu, da an ɗauka babu abin da ya rage wa ranar shari'a. Da kuma ba ya hukunta ko ɗaya, da an ce ba ya lura da duniya. Ranar 1 ga Nuwamba 1755 girgizar ƙasa ta rushe Lisbon, babban birnin Portugal, da safiyar idin dukan tsarkaka, coci-coci suka rufto a kan masu ibada. Wani fada ɗan ƙungiyar Jesuit ta Katolika, Gabriel Malagrida, ya ce zunuban mutanen birnin ne. John Wesley a Ingila ya tuno da jinin da kotun binciken bidi'a ta Katolika ta zubar a can. Kowa ya ga laifin wanda dama yake ganin laifinsa.

Mu ma mun ga irin ta. Ranar 8 ga Yuni 1998 Janar Sani Abacha ya rasu farat ɗaya, a coci-coci da dama aka ce amsar addu'a ce. A Kano, inda aka binne shi a ranar, masoyansa suka ce ajali ne ya yi kira. Ranar 7 ga Yuli Cif M.K.O. Abiola ya rasu shi ma farat ɗaya yana tsare, waɗanda suka kira mutuwar farko hukunci ba su kira ta biyu haka ba. A wasu majami'u kuma ana kwana ana kiran wuta ta sauko a kan maƙiyi, a ce ya faɗi ya mutu, ana kafa hujja da Zabura 109. Ba a cika karanta Luka 9 a irin wannan dare ba, inda Yakubu da Yahaya suka nemi izinin kiran wuta a kan wani ƙauyen Samariyawa, Yesu ya juyo ya tsawata musu. Wanda ke biyan kuɗin wannan koyarwa kuwa yawanci ba azzalumi ba ne. Macen da ba ta haihu ba ce, da iyayen yaro mai ciwon sikila, waɗanda ake ce musu su binciki kansu.

Akwai hukuncin duniya guda ɗaya da Sabon Alkawari ya ɗora wa mutane a wuya, kuma shi ne aka fi yin sakaci da shi. A ƙarshen Romawa 12 Bulus ya hana mai bi ɗaukar fansa, ya ce ramuwa ta Allah ce. Ayoyi kaɗan bayan haka, a sura ta 13, ya ce mai mulki ba a banza yake riƙe da takobi ba, bawan Allah ne mai hukunta mugu. Wato kotu da alƙali suna cikin hanyoyin da ake sa ran sakayya ta bi, kuma Mai Hadishi 8:11 ta riga ta ce in ba a zartar da hukunci da sauri ba, zuciyar mutane takan ƙara ƙarfi a kan mugunta. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda akasarin 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yanta ne, kuma aka mamaye hedkwatarta ta Kwarhi a Oktoban shekarar, coci ce da koyarwarta ta hana ramuwa. Da labari ya zo a Mayun 2021 cewa Abubakar Shekau ya mutu a dajin Sambisa da bam ɗin kansa, mutane da yawa sun tuna da mai gina ramin mugunta. Amma mutuwarsa ba ta maido da 'yan matan da suka rage ba, wasu iyayen kuma sun riga shi mutuwa suna jira. Ta ɓangaren takobin mai mulki, sai a Fabrairun 2018, kusan shekara huɗu bayan satar, kotun da ta zauna a Kainji ta yanke wa mutum na farko hukunci a kan lamarin, ɗaurin shekara 15.